Sai-a-Hankali a Shagon Mai Rediyo

"…ya gajiya kuma? Kunnen ya ƙara toshewa ke nan, sallama uku na yi."

Tsohon mai gyaran rediyo bai ɗago kai ba. Mai sallamar jikarsa ce, mawaƙiyar gidan. Ta yi wa ƙasa waƙa, amma maimakon sunan da ke cikin littafi, sai ta yi ta kiranta Sai-a-Hankali, yadda ake faɗa a tasha da kasuwa. Ubanta ya ce raini ne, waƙar ba za ta fita ba. Mutum ɗaya ke iya tanƙwara uban nan, shi ne wannan da ke lalube cikin wayoyi.

"Amarya, da muryarki gara rediyon da bai kama tasha ba."

"Ango, wanda ka gyara ma ai tari yake yi irin naka."

"An ce kin raɗa wa ƙasa suna. Da izinin wa?"

"Direbobi suka raɗa. Ni kiɗa kawai na sa masa."

"Ranar da aka sa mata sunan gaskiya ina wurin. Ni na riƙe tuta."

"Kai da ko cokali ba ka riƙewa sai ya faɗi?"

"Yaro man kaza! Sai wanda aka raina ake yi wa laƙabi."

"Ashe raina kakata ka yi. Har ta koma ga Allah ban ji ka kira sunanta ba. 'Yar Rigima, kawo ruwa. 'Yar Rigima, ina tabarauna?"

Tsoho ya ajiye sukurdireba.

"Kakarki ai rigimammiya ce ta gaske."

"Ita ma ƙasar sai a hankali ce ta gaske. Ka taɓa sakin 'Yar Rigima?"

"Ko a mafarki."

"To, ni ma ba inda za ni."

"Kunna mini in ji ɓarnar."

Ta kunna a wayarta. Ya saurara har ƙarshe, ƙafarsa tana bin kiɗa a ƙarƙashin tebur, shi kuwa ya haɗe rai. Kewar tsohuwar ce ta taso masa, sai ya rufe da dariya.

"Murya dai babu. Jeki ki turo mini Ɗan Kuka."

"Wane ne kuma Ɗan Kuka?"

"Ubanki mana."