Gadon da Ya Ƙi Shan Kwana

Har gobe ban manta da ranar da aka buɗe dakiliyar samarin ƙauyenmu, wato gidan kwanan ɗalibai, a birnin Wad Madani ba. Ni na zana ta, ko shekara ban yi da gama karatun zanen gine-gine ba. Mutanen gari ne suka haɗa hannu don 'ya'yansu 'yan jami'a su huta da haya, kawuna kuma, shugaban kwamiti, ya tsaya kai da fata a ba ni aikin. Aka ce in ta yi kyau, dakiliyar 'yan mata ma ni zan zana. Ita nake hari.

Na zuba wayo iya wayo. Ɗakuna da yawa a ɗan fili, tagogi suna fuskantar iska, lungun da ke tsakanin ɗakunan kuma na matse shi don a rage bulo. (A takarda, kyau kamar me.) Abin da na manta, ni da na girma a tsakar gida, shi ne mu da zafi ba ma kwana a ɗaki. Kullum da yamma sai an fitar da angarib, gadon nan namu na igiya, da safe a mayar.

Ranar buɗewa liman da dattawa suka shiga ɗakin farko yin addu'a, ina biye, ina ta washe baki ana ce mini Bashmuhandisa, wato babbar injiniya. Sai ga ɗalibai da sabon angarib, gudummawar matan gari. Kansa ya shigo ƙofa, gindinsa ya tokare bangon lungu. Aka karkata shi, aka ɗaga, aka tura, sai ya cije. Ba shiga, ba fita, mu kuma muna ciki, gumi na zuba.

Kawu ya dube ni a hankali. "'Yata, a zanen naki ta ina ake fita?"

Ta ƙarƙashin gado muka fita. Ina tsaye ina kallo liman, mai shekarun kakana, ya tattare jallabiyarsa ya yi rarrafe, rawaninsa ya maƙale a igiya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari aka fasa bango. Dakiliyar 'yan mata kuwa wani ɗan garin Hasahisa aka ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini aiki, kafin in taɓa fensir sai na tambaye shi faɗin gadonsa. Wasu suna ɗauka rashin kunya ce.