Ƙeyar da ta ƙi zama ta kowa

Allah ya yi mutane iri-iri, amma da ya zo kan mai babban shagon tayil na bakin kasuwa, sai ya yi shi shi kaɗai, babu na biyu. Mutum ne mai cika ido, mai cika kujera, mai cika kunne. Yaran shagonsa suna ce masa Ciyaman, ko da yake har yau ba a gano abin da yake shugabanta ba. Sauran jama'a kuwa Ka-San-Ni suke kiransa, domin da wannan tambayar yake buɗe kowace magana, ko da mai gadin asibiti ne, ko mai zuba masa mai.

Babban abin alfaharinsa shi ne motarsa, baƙa wul, mai sheƙi. A ganinsa birki na matsorata ne, danja kuma ado ce da hukuma ta kafa don ƙananan mutane su sami abin kallo. Matarsa tana da wata 'yar ƙaramar mota da take zuwa aiki da ita, tana tsayawa duk inda aka ce a tsaya. Saboda haka ya laƙaba wa matar tasa suna Kunkuru, yana faɗa a gaban baƙi yana dariya har da riƙe ciki.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata rana ana ruwan sama, ya keta jar danja a babbar mahaɗa, kyamarar da ke kan sanda ta ƙyafta masa ido. Ba a jima ba takardar tara ta iso shago. Ba ita ce ta fari ba, kuma a ƙasanta an rubuta cewa laifuffukansa sun taru: in kotu ta tabbatar da wannan, za a karɓe lasisinsa na wata shida.

Tarar ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne tunanin a gan shi a gefen titi yana ɗaga wa tasi hannu. Ya buga wa manyan da ya ce ya sani waya, ashe duk ranar suna taro. Dole ya tuna da ɗiyar ƙanwarsa, lauya, wadda ya daɗe yana cewa karatunta ɓata lokaci ne.

Ya shiga ɗan ofishinta yana kallon fankar sama kamar ta yi masa laifi. Lauyar ta karanta takardar, ta ɗauki hoton da aka haɗo da ita ta kai kusa da taga. Ruwa ya jiƙa gilashin kyamarar, taɓo ya rufe rabin lambar motar, direban kuwa ƙeyarsa kaɗai ake gani, ita ma dishi-dishi.

Ta ce, "Kawu, ba ƙarya za mu yi ba. Su suka kawo ƙara, su za su kawo hujja, kuma wannan hoton ba ya nuna kowa. Abu ɗaya nake roƙonka: in mun shiga, kada ka ce uffan."

Ka-San-Ni ya gyara zaman tabarau. "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake magana a gaban manya. Ni shiru ma in na yi, jawabi ne."

Ranar shari'a ya sa kwat ɗinsa mafi tsada, ya yi wanka da turare, ya zo da yaran shago biyu don su riƙe masa waya. An zaunar da shi a dogon benci tsakanin wani direban tifa da wata mai sayar da kifi da ta ajiye kurar tura kayanta a kan hanya. Ya matsa, suka matso. Matarsa ta zauna a baya, jakarta a cinya.

Da aka kira ƙararsa, aka haska hoton a bango. Lauyar ta miƙe, ta fara aikinta cikin natsuwa, kuma gaskiya yarinyar ta iya.

Ta ce, "Ya mai shari'a, lambar ba ta fito ba. Motar kuwa irinta ta cika gari, kowane lungu ka leƙa za ka ga biyu ko uku."

Ciyaman ya muskuta a kan benci. Ya yi gyaran murya. Lauyar ta yi kamar ba ta ji ba.

"Sannan a dubi direban. Wannan ƙeyar ta kowa ce. Tana iya zama ta direban haya, ko ta makanike da ya fita gwada mota, ko ta ɗan aike. Babu wanda zai kalli hoton nan ya ce ya san mutumin."

Alƙali ya sunkuyar da tabarau, ya ƙura wa bangon ido, ya gyaɗa kai. "Lallai ni dai ban ga wani sananne a nan ba," in ji shi, ya ɗauki alƙalami zai kori ƙarar. Nasara ta zo har bakin ƙofa tana cire takalmi.

Sai Ka-San-Ni ya miƙe.

"Ya mai shari'a, a yi mini adalci. Ɗan aike? A dubi ƙafafun motar nan, daga waje na yi odarsu, babu mai irinsu. A dubi agogon da ke hannun nan a kan sitiyari. Wane makanike ne yake ɗaura wannan? Kowa a garin nan ya san zamana a mota. Ni ne, kuma ba zan zauna 'yar ƙanwata ta mayar da ni kowa ba."

Mai gabatar da ƙara, wanda ya riga ya fara tattara takardunsa, ya mayar da su a hankali, fuskarsa kamar wanda aka yi wa kyautar rago. Lauyar ta zauna, ta rufe fayil, ta dafe goshi. Tausayinta ya kama kowa, har direban tifa.

Alƙali ya ce, "Kotu ta gode. Yanzu kam mun san ka." Aka karɓi lasisin nan take. Baki dai shi ke yanka wuya.

A waje ya shaida wa yaransa cewa shari'ar ta yi kyau, tunda an gyara kuskuren da aka so a yi wa sunansa. Ya ƙara da cewa dama manyan mutane ba sa tuƙa kansu. Yana cikin wannan bayani 'yar ƙaramar mota ta tsaya a gabansa, matarsa ta miƙo hannu ta buɗe masa ƙofa.

Ta ce, "Baban yara, shigo. Ka ɗaura bel."

Ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa. Suka kama hanya a hankali, kekuna suna wuce su. Da suka iso babbar mahaɗar nan, danja ta nuna ja, Kunkuru ta taka birki ta tsaya cak a bayan layi. Ciyaman ya sauke gilashi, ya gyara kwala, ya ɗaga agogo, ya juya wa kyamarar fuskarsa sosai don wannan karon ta same shi da kyau.

Kyamarar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ba ta san shi ba.