Fitilar da Aka Toshe wa Baki

Ranar Litinin da safe saura ƙiris ni da 'yata Ummukulthum mu shige ƙarƙashin tifa. Muna gangarowa daga tudun Mpape, nan Abuja, za ni kai ta allurar rigakafi, sai tifar da ke gabana, shaƙe da dutse, ta tsaya cak. Na taka birki daidai wurin nan da hanya ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali. Bayan motar ya kama tsalle kamar kwaɗo, tayar hagu tana taɓa ƙasa tana saki, ga ƙarar nan da ta daɗe tana damuna, gwaf-gwaf, daidai ƙarƙashin kujerar yarinyar. Sa'ad da motar ta ga dama ta tsaya, da na miƙa hannu ta taga da na shafi tifar. Ummu dariya take ƙyalƙyalawa, ta zaci sukuwa ake yi da ita. Ni kuwa na kifa kai a sitiyari ina salati. Da na ɗago na dubi dashbod, allon nan na gaban direba, ko fitilar gargaɗi ɗaya ba ta kama ba. A ganin motar, lafiya lau ake, sai godiya.

Kada ku raina motar nan, jama'a, jinin sarauta ce. Daga kwambar wani Mai Girma ta fito, Allah ya ƙara wa jiniyarsa amo. Kun san al'adar garin nan: ranar da sabon Oga ya hau kujera, ranar motocin wanda ya sauka suke tsufa, a yi gwanjonsu, a shigo da sababbi cikin leda. Ta haka maigidana Badaruddeen ya samo ta, ta hannun wani da ya san wani. Dillalin ya rantse masa cewa dab da gwanjo aka ba da kwangila aka sabunta ƙafafunta huɗu. Ya nuna masa wani maɓalli kusa da giya, ya ce shokozobar motar, mai shanye jijjigar hanya, ta lantarki ce: ka danna nan ta yi laushi kamar katifa, ka danna can ta yi tauri don gudu.

Ku dubi tausayi irin na manyanmu. Maimakon su tayar mana da ƙura da sunan cike ramukan hanya, sai suka sayi motar da ke cike musu ramin daga ciki. Wa ya isa ya ce ba a tunani a sama?

Tun makon farko na ji ƙarar. Na gaya wa Abban Ummu, ya ce motar manya ce, ba ta saba da unguwarmu ba, in ƙara sautin rediyo. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Ya ce da akwai matsala ai fitila za ta nuna, Bature ba ya ƙera abin banza. Bayan abin da ya faru ranar Litinin ban sake neman shawarar kowa ba. Na kai Ummu wajen maƙwabciyata Maman Miriam, na shiga layin mai. An ce ɗanyen mai ya yi daraja a duniya, baitulmali ya tumbatsa, duk inda ka waiga bene ake ɗorawa kan bene, to ai dole a yi layi don kowa ya samu lokacin kallon ci gaba. Sai bayan azahar na isa garejin Oga Zacharias a Karu.

Ya fara da kwamfutarsa, ya jona mata waya, ta yi 'yan ƙyafce-ƙyafce ta ce babu laifi. Sannan ya yi min bayanin yadda ake kama irin wannan ƙara. A samu hanya mai gargada, a bi ta da laushi, a dawo a bi ta da tauri, kunne a buɗe. In ƙarar ta canja da canjin maɓalli, shokozoba ce. In ba ta canja ba, to a nemi ɓarawon a wani wuri, robobin da ke riƙe ƙafa ko ɗan sandan ƙarfen da ke hana mota tangaɗi. Hanya mai gargada kuwa, alhamdu lillahi, hukuma ta tanadar mana ita kyauta a ƙofar garejin. Ya tuƙa, na zauna a baya inda kujerar Ummu take. Laushi, gwaf-gwaf. Tauri, gwaf-gwaf. Ya wanke shokozoba tas daga zargi, ya canja robobi da ɗan sandan ƙarfen, ya ce in je in yi barci da minshari.

Ramin farko da na faɗa bayan na fita, gwaf. Na juyo.

Da ya gan ni ya ajiye sifana ya haɗa hannuwa. "Madam, kwamfuta ya ce babu, fitila ya ce babu, maɓalli ya ce babu. Shaidu uku ke nan fa. Ko a kotu an sallami shokozoba."

Na ce masa ni ban san kan mota ba, amma na san kumatun 'yata. Tun da muka sayi motar nan, in Abbanta ya danna laushi yana yi wa baƙi burga, ina kallon kumatun nan ta madubi, rawar da suke yi da tauri ita suke yi da laushi. Ɗazu ma da nake zaune a baya, ƙuguna bai ji wani bambanci ba.

"Oga Zacharias, ba ƙarar ce kaɗai ba ta canja ba. Babu abin da ya canja. Ka tabbata maɓallin nan yana magana da wani a ƙasa?"

Ya sosa ƙeya, sai ya jawo jak, ya ɗaga motar, ya cire tayar, ya ɓalle murfin robar da ke bayanta, wanda ɗazu bai ga dalilin taɓawa ba tunda shaidu sun yi magana. Ya leƙa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Madam, zo ki gani da idonki, kada ki ce ni na faɗa."

Gani ya kori ji. Babu wata shokozobar lantarki. Wata tsohuwar gama-gari ce, an fesa mata baƙin fenti ta yi kyan ɗan maciji, man cikinta ya tsiyaye ya gama, kanta na sama yana lilo. Wayar da ya kamata ta shiga cikinta kuwa tana can gefe an naɗe ta da salatif, a bakinta an liƙa wani ɗan abu da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Zacharias ya ce aikin ɗan abin nan ɗaya ne tak a duniya: duk sa'ad da ƙwaƙwalwar mota ta tambayi lafiyar ƙafa, ya amsa mata da lafiya lau. Ya duba sauran ƙafafun, kowace da gyaɗarta.

Wallahi na jinjina wa ɗan kwangilar nan, ko wane ne. Wani sakarai da sai ya gyara ƙafar. Shi ya gane cewa Oga ba ƙafa yake dubawa ba, fitila yake dubawa, ƙara kuma ba ta ratsa jiniya. Nan take na yafe wa mutane da yawa. Na yafe wa Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, wanda ya zo mana gab da zaɓe ya aza tubalin kwalta ya tafi da tubalinsa. Na yafe wa kwamitin da ya zo duba hanyarmu, gilashi a rufe, ya koma ya ce ta kusa kammaluwa. Ashe bayin Allah ba ƙarya suke yi ba, gyaɗa aka liƙa musu. Da na ba Maman Miriam labari, cewa ta yi in samo mata guda ɗaya ta liƙa wa tukunyarta, ko yara sa daina cewa ba su ƙoshi ba.

Shokozobobin lantarki na asali sun fi ƙarfinmu, don haka muka sa sababbi na gama-gari masu kyau, waɗanda ba su san maɓalli ba amma sun san riƙe taya a ƙasa. Da Zacharias ya gama, sai na ga ya ɗauko salatif zai mayar da gyaɗar, wai don kada fitila ta dame ni, kowa haka yake yi. Na ce ya cire su duka ya zuba min a hannu. Ana tayar da mota kuwa fitila ta kama, ruwan ɗorawa, ɓaro-ɓaro.

Abban Ummu bai ji daɗi ba. Ya ce yanzu da wane ido zai ɗauki abokansa zuwa Juma'a, mota tana tona masa asiri.

"Abban Ummu," na ce, "da tana rufa maka asiri, 'yarka ta kusa shiga ƙarƙashin tifa. Gara ta tona."

Sai na ga ya je ya daɗe tsaye a kan yarinyar tana barcin rana.

Jiya na sake gangarowa da ita, na taka birki daidai kunyoyin nan da gangan. Motar ta tsaya kamar ta ji kiran uwarta, babu tsalle, babu gwaf. Ummu ta ɓata rai don an hana ta sukuwa, sai ta hango fitilar ta shiga nuna ta da yatsa. Na bar ta ta kalla da kyau. Yarinya ce mai tasowa a Abuja, ya kamata ta san yadda abu mai faɗin gaskiya yake tun kafin ya yi wuyar gani.

Gyaɗar nan huɗu kuwa suna cikin jakata. Na so in kai su kyauta ga duk Mai Girman da ke buƙata, amma Maman Miriam ta ce kada in wahalar da kaina, ba a kai wa manomi iri.