Nutsewata a Tabkin Garinmu

Ƙanen matata da ke aiki a Kwatano ne ya samo mini gurbin koyon nutso cikin teku, irin wanda ake goya tulun iska a baya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: "Yaya, ka fara ƙwarewa a iyo, ka saba da dogon numfashi."

Na yi dariya. Ni da na yi ƙuruciyata cikin tabkunan damina? Na manta cewa tun daga lokacin tumbi ya sauka, taba kuma ta daɗe da tarewa a ƙirjina.

Na tafi tabkin bayan garinmu, kusa da Hawandawaki, na tuɓe riga gaban masu buga tubali da wani dattijo Bafulatani mai shayar da shanu. Har na ce musu su buɗe ido, yau za su ga iyo na ilimi.

Ban yi nisa ba numfashi ya ƙare. Na sha ruwa, na ƙara sha, na kama kalmar shahada ina kururuwa: "Jama'a, ku cece ni!"

Dattijon ko sandarsa bai aje ba. Ya ce, "Malam, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya. Wata saniya ta ratsa ta gefena tana kallona.

Kwatano dai ban je ba, kuma labari ya riga ni isa gida. Har yau in na ɗaga moɗa zan sha ruwa, sai matata ta ce wa yara, "Ku riƙe Babanku, kar ya nutse."