Ɗigon da Na Goge a Allo

Ranar taron iyaye a makarantar 'yata Ladi, a Unguwar Boro, na shiga ina ji da kaina, don a layinmu ni ake kawo wa gyaran Turanci. A allo na hango malamarsu ta rubuta waƙafi da ɗigo a samansa. Na miƙe, na goge ɗigon da yatsa.

Na ce, "Madam, ko aya ko waƙafi, ki zaɓi ɗaya. Amanar 'ya'yanmu fa muka ba ki."

Ta mayar da ɗigonta a hankali. "Baban Ladi, semikolon ne, jimla biyu yake haɗawa."

Ladi ta kifa kai a benci. Har yau ko kasuwa na shiga, sai na ji, "Oga Semikolon, ina gajiya?"