Ranar da Na Gano Hasumiyar Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a zangona na farko na koyarwa ba, kuma ko na so in manta, 'yan aji huɗu ba za su bar ni ba.

Daga Kalgo aka turo ni wata firamare a wani ƙauye kusa da Gwandu, da sabuwar takarda da sabon takalmi, kaina fal dabarun koyarwa. Na addabi hedimasta da cewa tarihi ba a allo yake ba, a jikin gine-gine yake, a bar ni in riƙa fita da yara. Shi kuwa gani yake yawon banza ne kawai. Da ya gaji da nacina ya ce to, mai duba makarantu zai zo Laraba, in fita da su a gabansa. In ya yaba, shi ke nan. In bai yaba ba, kada in sake tayar da zancen.

Ana saura kwana biyu na zaga bayan gari neman abin nunawa, sai na yi kiciɓis da wani dogon ginin ƙasa, kewayayye, da ƙananan kafofi a jere ta sama. Murna ta kama ni. Ƙasar Gwandu ce fa, ƙasar tarihi, me wannan zai zama in ba hasumiyar tsaro ba? (Na wuce dattawa uku a gindin darbejiya, na gaishe su, ban tambayi ko ɗaya ba. Ai ni ne mai takarda.)

Ranar Laraba na jera yara biyu-biyu, hedimasta da mai duba suna biye. Na samu wani tudun jar ƙasa a gefe na haye, don kowa ya gan ni da kyau. Na ce wannan gini ya haura shekara ɗari biyu. Na ce ta kafofin nan mayaƙa suke harbo kibau, har na ɗana bakan da babu shi na gwada musu yadda ake yi. Na sa suka maimaita "hasumiyar tsaro" sau uku da ƙarfi, suka kuma rubuta a littafi.

Tun da na fara, wata yarinya mai suna Balki take ɗaga hannu. Na ce sai na gama. Ta sake ɗagawa, na harare ta. A na uku na ce in ta ƙara za ta tsaya a rana, ta sauke hannu tana cizon mayafi.

Ihun maimaitawar nan ne ya fito da wata tsohuwa daga gidan da ke gefe, da ƙwaryar dawa a hannu. Ta tsaya ta saurare ni tsaf, sannan ta tambayi Balki, wadda ashe jikarta ce, abin da malaminsu yake faɗi. Balki ta gaya mata da ƙaramar murya.

"Ɗari biyu?" in ji tsohuwar. "Ɗana, ni nig gina abinga da hannuna, shekarad da aka haihi wagga ɗiya. In shi ya yi ɗari biyu, ni nawa ke nan?"

Ta watsa dawar, ta yi ɗan kiranta, sai ga mayaƙana suna fitowa ta kafofin kibau ɗaya bayan ɗaya, fuka-fukai far-far. Ɗakin tantabaru ne. Yara suka tuntsire da dariya, hedimasta ya juya baya kafaɗunsa na rawa, mai duba kuwa ya duƙufa yana rubutu. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so a ce babur ya zo ya kwashe ni sai Kalgo.

Mai duba ya gaishe da tsohuwar da ladabi, ya tambaye ta ko akwai wani abu na da can da ya saura a nan kusa. Ta ce akwai mana, ganuwar garin, wadda kakarta ta ce a zamaninsu ta fi raƙumi tsayi. Yara suka ce ina take? Ta nuna ƙafafuna da haɓa.

"Ga ta nan, malaminku na bisa."

Na sauko a hankali, kamar wanda ya taka sallayar liman. Daga nan darasi ya koma hannunta: inda ƙofar gari take a da, kududdufin da aka ɗebi ƙasar, yadda ake rufe ƙofa da magariba. Yara suka yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa samu a aji ba.

Rahoton da ya fito ya ce a ci gaba da fita, da sharaɗin a tafi da dattijon gari. Watau dai na yi nasara, sai dai an naɗa mini mai gadi. Sunan Malam Hasumiya kuma ya bi ni har gidanmu.

Yanzu ko banɗaki na gani na ƙasa, sai na tambayi mai shi kafin in ba shi shekaru. In kuwa yaro ya ɗaga hannu ina tsakiyar zuba, nan take nake yin shiru, don wataƙila kakarsa ce ta gina abin.