Rasuwar Amarya, Na'urar Ɗaukar Laccar Malam Hadi Balan

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Hadi Balan, ma'aikaci a ɗakin ɗaukar lacca na jami'a a Kano, nake sanar da malaman firamare na Gaya da Ajingi rasuwar na'urata mai ɗaukar hoto da murya, wadda kuka fi sani da Amarya. Ta cika ranar Lahadi da la'asar a Kademi, a ƙofar gidan kawuna Alhaji Maikuɗi, kuma a hannunsa.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan daga Amurka tare da wani Bature malamin jami'a, shi ya bar mini ita da zai koma gida. Mutanen Balan ne suka raɗa mata Amarya, don kullum a lulluɓe nake shigowa da ita gari. Aikinta ɗaya ne. Ina ɗaukar laccar malamai a Kano da yardarsu, ran Asabar in kawo ta Gaya, in haɗa ta da akwatin talabijin, malaman da ke shirin jarrabawar shiga jami'a su zauna su kalla.

Ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ba ta taɓa yi wa malami ƙari ko ragi ba. Ko sau nawa aka ce ta maimaita, ba ta tsaki, sai dai ka ji ƙiririri tana komawa baya, ta yi ƙas, sannan muryar Dokta Abdulsalam, malamin lissafi, ta cika ajin: "To jama'a, mu sake bi a hankali." Malama Hajo ta Toranke, wadda ɗawainiyar 'ya'ya ta hana zuwa birni, a bayan motar kasuwa take zuwa da goyo don ta ji wannan muryar.

Ga yadda ajali ya zo. Kawu, wanda shekara da shekaru yake kiran marigayiyar akwatin zaman banza, ya tashi neman kansila, sai kuma ya ji yana son a gan shi a talabijin. Ya jira ina Kano, ya je wajen mahaifiyata a Balan, inda nake ajiye Amarya.

"Yaya," in ji shi, "Hadi ɗana ne. Kayansa kayana ne."

Ya sa direbansa Gaji ya kwashe komai, har da kyamarar da ke aiko mata hoto da akwatin faya-fayan lacca. Gaji ya taɓa ganin ina danna jan maɓalli, a wajen Kawu kuwa wannan ya isa a kira mutum injiniya. Suka ɗora faifai suka danna. Babu wanda ya san sabuwar ɗauka tana goge tsohuwa, babu kuma wanda ya tambaya. Haka suka bi faya-fayan Dokta Abdulsalam ɗaya bayan ɗaya. Dokta ya rasu a hatsarin mota da daminar bara, kuma babu kwafin laccarsa a ko'ina sai a akwatin nan.

Da batir ya ƙare, Kawu ya ce a jona ta kai tsaye da injin wuta. Marigayiyar ba ta jure wutarmu sai an rage mata ƙarfi, kuma tana da ɗan akwatinta na rage wuta. A lokacin Kawu ya ɗora ƙafarsa a kan ɗan akwatin nan, don ya yi zaman manya. Shaidu sun ce ta yi zuuu, ta yi fat, hayaƙi ya fito ta bayanta. Maroƙin da ke yi wa Kawu kirari ya zaci cikin shirin ne, ya ƙara ɗaga murya.

Washegari na iso.

"Kawu, kun san abin da kuka goge?"

"Wani mutum ne fa yake ta zane a allo. Ni kuwa jama'a ne ke son gani na."

"Mutumin ya rasu, Kawu."

"To, Allah Ya jiƙansa. Ita kuma ka kai ta wajen mai gyaran rediyo, ai ba rai gare ta ba."

Na kai ta inda ya fi wajen mai gyaran rediyo. Masu gyara a Kano sun buɗe cikinta, suka kalle ni, suka mayar da murfi.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya da yanzu ba ta da inda za ta kai abin da ta gani, da akwatin talabijin, da malamai cike da aji waɗanda jarrabawarsu ke watan gobe. Ta kuma bar faya-fayan nan. Na kalle su a na'urar jami'a. Rabinsu Kawu ne yana gyara zaman hula yana cewa, "Ta fara? Gaji, aikin rigar ya fito?" Sauran rabin yana alkawarin kawo ilimi ƙasar Gaya.

Na je na gaya wa Malama Hajo. Ta gyara goyonta ta ce, "Malam Hadi, kai ne ka ɗauki laccar Dokta, ka kuma kalle ta fiye da kowa. Babu abin da ya zauna maka a ka?"

Akwai. Ba shi da yawa, amma akwai.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. An riga an naɗe marigayiyar a zanenta, za a sa ta a akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyata a Balan, makullin kuma yana wuyana. Ragon da Kawu ya aiko na ban haƙuri an mayar masa da shi yana tafe da ƙafarsa. Za a yi zaman makoki kowace Asabar da hantsi a ajin da muka saba haɗuwa a Gaya, har ranar jarrabawa, inda ni, da ban taɓa koyar da ko ɗan aji ɗaya ba, zan tsaya gaban allo in faɗi abin da na riƙe, Malama Hajo ta cike da abin da ta rubuta. Mai zuwa ta'aziyya ya taho da alli da fensir.

Idan Kawu ya ga dama ya zo, akwai benci a can baya. A taimaka a lura da hannunsa.